Launin Motar Baba

Shekara ashirin da biyu yana gyaran tabarau, amma a cikin danginsu babu mai ce masa mai tabarau. Injiniya suke kiransa, kuma ba don girmamawa ba. Yayarsa ce ta laƙaba masa sunan, ranar da ta leƙa ɗakin bayan shagonsa ta same shi, ƙato da shi har da furfura a gemu, ya duƙufa a ƙarƙashin fitila yana sa wa wata mota da ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba sabuwar taya.

Motocin wasan yara ne na da, irin waɗanda ake narka ƙarfe a zuba, masu nauyi a tafin hannu, ba robobin yanzu da yaro zai taka sau ɗaya su tarwatse ba. Wurin masu gwanjon tsofaffin kaya yake tsinto su. Wata ba taya, wata fentinta duk ya ɓare, wata an cusa mata cingam a kujerar direba tun kafin a haifi 'ya'yansa. Sai ya huda ƙusoshi biyun da suka riƙe ƙasan motar, ya raba ta gida-gida, ya jiƙa gangar jikin a ruwan cire fenti, ya bi ta da samfefa har ƙarfen ya fito fes. Daga nan kuma sai abin da ransa ya so. Motar 'yan sanda ta koma tasi, motar madara ta koma ta kashe gobara har da tsaninta na waya. Kayan aikin ma na sana'arsa ne: hantsaki, ɗan magagari, sukudireba mai bakin allura, da gilashin ƙara girma da yake ɗaurawa a goshi. Ba ya sayarwa, ba ya kyauta. Jera su yake a kanta, ya riƙa kallo.

Wata Talata da hantsi Yaya ta shigo shagon ba ko zama. Tsohuwar shugabar makaranta ce, ritaya ta raba ta da ofis amma ba ta raba ta da muryar ba.

"Injiniya, yau wasanka zai yi rana."

"Sannu da zuwa, Yaya. Ya jikin Inna?"

"Da sauƙi. Amma tun da ta tashi daga ciwon nan ba ta da zance sai na Baba. Baba ya ce, Baba ya yi. Shi ne na ce ka yi mata motarsa, 'yar ƙarama, ta ajiye kusa da gado. Kar ka faɗa mata, so nake ta gani kawai." Ta ɗan tsuke baki. "Tunda dai ta gasken an cinye."

Ba sai ta ƙara bayani ba. Babansu ya rasu tana da shekara goma sha biyu, shi yana da takwas, autansu yana da biyar. Direba ne, yana da 'yar a-kori-kura mai kumburarren hanci da yake dakon kaya da ita. Bai fi kwana tara da rasuwa ba Yaya ta hango ta taga Baffa, ƙanin Baba, yana miƙa wa wani mutum mai tumbi makullin motar, suka yi musabaha, mutumin ya ja ta ya tafi. Ranar ta tara ƙannenta a bayan ƙofa ta ce musu Baffa ya sayar da motar Baba, kuma kada wanda ya yi wa Inna zancen ya fama mata ciwo. Suka riƙe. Suna yara suna gaida Baffa da ƙyar, da suka girma suka ɗauke ƙafa daga gidansa gaba ɗaya. Yau shekara arba'in da biyar ke nan.

Injiniya ya yi murna da aikin fiye da yadda ya nuna. A cikin kwalin waɗanda bai taɓa ba akwai wata tsohuwar motar asibiti mai irin wannan hancin sak. Ya buɗe ta, ya cire mata jiniya, ya toshe ramin da foti ya goge. Kwana huɗu yana yi a tsakanin masu zuwa karɓar tabarau. Da aka zo kan fenti ko tunani bai tsaya yi ba, ya ɗauko shuɗi. Yana iya rufe ido ya ga kansa a cinyar Baba, hannuwansa a kan sitiyari, ga shuɗin hancin motar nan a gabansa yana ƙyalli.

Ran Asabar Yaya ta dawo. Ya ɗora motar a kan farin ƙyallen goge gilashi, ya ja da baya yana jiran yabo.

Ta sunkuya ta duba. "Ta yi kyau. Ina ta Baban?"

"Ita ce wannan ai."

"Wannan shuɗiyar?"

"To da wace iri ce?"

"Koriya mana! Kore shar, kamar ganye. Kai Injiniya, ƙaurin fentin nan ya fara taɓa maka kai."

Ya yi dariya, don ya ɗauka tsokana ce. Da ya ga fuskarta sai dariyar ta maƙale. Ya ce shi fa yana tuna shuɗin kamar yadda yake tuna sunansa. Ta ce ita ta girme shi da shekara huɗu, kuma ita ke wanke motar da tsumma duk ranar hutu, har ruwan bokitin yakan yi kore-kore. Ya ce ta yaya fentin mota zai zuba a ruwa. Ta ce ita ba yadda ya zuba ta zo yi masa bayani ba.

"Kira Auta," ta ce. "Ka sa a lasifika."

Auta ma'aikacin jinya ne a wani gari, suna jin ƙarar keken marasa lafiya a bayansa. Yaya ba ta bari an gama gaisuwa ba.

"Motar Baba, wane launi ce?"

"Ja ce mana. Lafiya?"

Yaya da Injiniya suka dubi juna.

"Ja wur," Auta ya ƙara, "kuma bayanta a buɗe. Ba a nan nake tsayawa ina riƙe ƙarfe ba, iska na bugu na?"

"Bayanta a rufe yake," in ji Yaya. "A ciki muke fakewa in ana ruwa."

"Yaya, ni fa na faɗo daga bayan motar nan. Ga tabon a haɓata har yau."

"Shekararka biyar. Me ka sani?"

"To me ya sa kuka kira ni?"

Ta katse wayar da kanta. Injiniya ya tsaya yana kallon 'yar motar. Shi kam bai ma taɓa tunanin bayanta ba. Ya lalubi ƙwaƙwalwarsa, ya ga sitiyari, ya ga hannun Baba mai jijiyoyi, ya ji ɗumin injin a ƙafafunsa, amma da ya ce bari ya waiga baya sai ya tarar babu komai a wurin, kamar hoton da aka yage rabi.

Hoto kuwa akwai guda ɗaya tak, a jakar takardun Yaya. Washegari ta aiko da shi. Baƙi da fari ne. Baba na tsaye ya harɗe hannu, su uku a gabansa, kuma su huɗun sun tare motar kaf, ban da fitila ɗaya da gefen bamba. Injiniya ya ɗaura gilashin ƙara girma ya shafe fiye da awa yana bin hoton lungu-lungu. Abin da ya ƙaru da shi kawai, ashe ranar takalmin Auta a juye yake.

Matarsa ta kawo masa shayi ta tsaya a kansa. "Wai har yanzu motar ce?"

"Ni na ce shuɗiya, Yaya ta ce koriya, Auta ya ce ja."

"Anya gida ɗaya kuka tashi kuwa?"

"Ke abin dariya ne a wurinki."

"To ka tambayi Inna mana, tana nan da ranta."

"Yaya ta hana."

"Ai shi ke nan. Sai ka yi mata zane-zane, kowa ya samu rabonsa."

Ba a ja da Yaya a daɗe. Ya mayar da motar cikin ruwan cire fenti, yana kallo shuɗin ya tattare ya saɓule kamar fatar madara. Ya goge, ya shimfiɗa fentin farko mai ruwan toka, ya fesa kore. Da ya bushe ya ɗauke ta ya kai bakin ƙofa wurin haske, a nan ne abin da ya fi ba shi tsoro ya faru: ya gane ta. Ya tuna wata koriyar ƙofa da yake rataya a jikinta, har da wurin da fentin ya taru ya yi ƙuraje a ƙasan mariƙi. Ya rufe ido don ya nemo shuɗin hancin nan, ya same shi yana nan daram. Duka biyun yana tuna su, kuma duka biyun da Baba a ciki.

Ranar ya ba wata tsohuwa tabarau ɗin wani malamin lissafi. Ta sa, ta ce ita dai tana ganin kantocin shagon suna tafiya. Ya karɓa ya ba ta haƙuri sau uku. Bai taɓa yin irin wannan kuskuren ba.

Zancen bayan motar ma bai bar shi ya huta ba. Tabon haɓar Auta gaskiya ne, ya san shi. Fakewar da Yaya ke faɗa ita ma kamar yana jin ƙarar ruwa a saman wani abu. A ƙarshe ya yi shahada ya ɗauko ɗan zarto, ya yanke rufin bayan motar, abin da in an yi ba a komawa. Ya lanƙwasa siririyar waya ya yi ƙarafa uku, ya yanko ƙyalle daga tsohuwar lema ya ɗinka 'yar rumfar da ake sawa a cire. Ba don ya tuna haka ba, sai don ita ce kaɗai hanyar da zai hana 'yan'uwansa biyu zama maƙaryata.

Yaya ta juya ta a hannu, ta ce rumfar dai ƙari ce irin tasa, amma ba laifi. Suka sa ranar Laraba da yamma.

Inna a gidan Yaya take zaune, a ɗakin da ke kallon bishiyar tsakar gida. Sun same ta a kan kujera, ƙafafunta a kan matashi, tana tsinke zaren wata tsohuwar riga. Injiniya ya durƙusa ya gaishe ta, ya ɗora mata ɗan kwalin a cinya.

"Me na samu? Magani ne kuma?"

"Buɗe ki gani, Inna," in ji Yaya.

Ta buɗe a hankali. Ta ɗago motar kusa da idonta, ta nesanta ta, ta sake matso da ita. Sai fuskarta ta washe, ta yi wata dariya da suka daɗe ba su ji ba.

"Ikon Allah! Motar mai fenti!"

Yaya ta gyara tsayuwa. "Motar Baba, Inna."

"Eh, ita. Motar mai fenti. Kai, har da tamfol ɗinta! Wa ya tuna maka da tamfol ɗin nan? Kullum sai mun yi faɗa da babanku, ya cire shi ya jibge min a kan igiyar shanya."

Injiniya ya ji wani sanyi a ransa, ashe rumfar gaskiya ce. Amma sanyin bai daɗe ba.

"Wane ne mai fenti?" ya tambaya.

"Uban gidan babanku mana. Mai shagon fentin nan, mai tumbi. Ai kayansa babanku ke rarrabawa."

"To amma motar ta Baba ce," in ji Yaya.

Inna ta dube ta ta saman ido. "Ina babanku ya ga mota? Mutumin da kekensa ma sai an tura? Tuƙawa yake, ya kwana da ita a ƙofar gida don ya yi sammako."

"Motata yake cewa, Inna. Da kunnena."

"Wane direba ne ba ya cewa motata?"

Injiniya ya ji kamar an zare kujera daga ƙarƙashinsa, alhali a ƙasa yake zaune. Ya rasa tambayar da zai fara yi, sai mafi ƙanƙantarsu ta fito. "Inna, wane launi ce?"

"Wane launi ne ba ta yi ba? Duk fentin da ya yi kwantai a shago ita ake shafa wa. Yau koriya, bayan wata shida ja, har rawaya ta taɓa yi, kamar ciwon shawara. Hawainiya nake ce mata."

"Shuɗi fa?"

Ta yi ɗan tunani. "Shuɗi kam ban tuna ba."

Yaya ba ta ji wannan ba. Ta matso har gaban kujerar, muryarta ta sauka ƙasa, abin da ba ta saba ba. "Inna, Baffa ya sayar da motar nan. Ina tsaye a taga. Na ga ya ba mutumin makulli."

"Ya sayar da kayan mutane? Makullin mai abu ya miƙa wa mai abu. Ni na ce ya fita ya ba shi, don lokacin ko kaina ba na iya ɗagawa." Inna ta ajiye motar a cinya, ta dubi wannan, ta dubi wancan. "Tsaya. Wai shi ya sa kuka ɗauke ƙafa daga gidansa?"

Yaya ta kawar da kai.

"Ni fa duk shekarun nan na ɗauka matarsa ce ta yi muku wani abu, Allah ya jiƙanta. Har gaba na yi da baiwar Allah na kusan shekara biyu."

"Me ya sa ba ki taɓa faɗa mana ba?" in ji Yaya.

"Kun tambaye ni?"

A baranda Yaya ta kama hannun rigarsa. "Kar ka ɗauki zancen nan. Inna ta fara rikicewa. Shekaranjiya likita ya zo ta ɗauka tela ne, ta ce masa ina ɗinkinta."

"Amma ta tuna tamfol."

"Tamfol ɗin da kai ka ƙirƙira? Gani ta yi ta amsa."

Wannan ma zai yiwu, shi ya sa kansa ya ƙara ɗaurewa. Ya tsaya yana kallon takalmansa. In Inna ta yi daidai, sun shekara arba'in da biyar suna gaba da mutumin da bai ci musu komai ba. In Yaya ta yi daidai, to uwarsu ta fara barinsu tun tana zaune. Ya rasa wanne zai roƙa ya zama gaskiya.

"Saura mutum ɗaya da ya sani," ya ce.

"Ba inda za ni."

Ran Asabar ƙarfe goma sai ga ta a ƙofar shagonsa da jakarta a hammata. Ta ce rakiya kawai za ta yi, a mota za ta zauna. Ta miƙo masa kwalin, ta ce Inna ta ce a nuna wa Baffa.

Baffa yana zaune wurin 'yarsa, a hawa na biyu na wani dogon gini mai matattakala mai duhu. 'Yar ce ta buɗe ƙofa. Ta daɗe tana kallonsa kafin ta ce, "Ɗan'uwa? Kai ne?" Ya ji kunya ta rufe shi, don shi da a hanya suka haɗu da wucewa zai yi. Ta kai shi wani ɗan ɗaki mai taga a rufe, ta ce sai ya ɗaga murya, kunnen ya yi nauyi.

Tsohon yana kan gado ya jingina da bango, rediyo a gefensa tana ta shuu ba tasha. Ya rame, amma goshin na Baba ne sak, Injiniya ya gane shi nan take. Ya durƙusa ya gaishe shi.

"Wanne ne a ciki? Na tsakiyan ko ƙaramin?"

"Na tsakiyan ne, Baffa."

"Mai kuka in an aske shi. Zauna, zauna. Ya innarku?"

Haka kawai, kamar jiya suka rabu. Injiniya ya zo da jawabi a bakinsa tun daga gida, ya neme shi ya rasa. Sai ya buɗe kwalin ya miƙa.

Baffa ya ɗora motar a tafin hannu. Ya sa ɗan yatsa ya juya taya ɗaya. "Hawainiya," ya ce. "Kai ka yi?"

"Ni ne."

"To gado ka yi. Ai babanku ke shafa mata fentin da hannunsa, a bayan shago, da buroshi. In ya gama ya ja da baya ya harɗe hannu, sai ka ce shi ya ƙera ta. Na ƙarshen ma bai gama ba. Ya kankare ta, ya shafa gefe ɗaya, ciwo ya kwantar da shi. Haka aka tafi da ita, rabi da rabi."

"Rabi wane launi, Baffa?"

"Na'am?"

"Wane launi!"

"Oho. Wa ya kula da launi ranar?" Ya ajiye motar a kan bargo. "Na san kun riƙe ni a kan motar nan. Ban ga laifinku ba."

Injiniya ya ɗago kai.

"Babanku ya sha faɗa min mai fenti ya yi masa alkawari, in ya cika shekara goma yana tuƙa ta, ta zama tasa. Saura wata bakwai ya cika. Ranar da mutumin ya zo na tuna masa, ya ce shi bai san wannan zancen ba. Babu takarda, babu shaida. Ko da gaske ya faɗa, ko wasa yake, ko babanku ne ya ji abin da yake son ji, Allah masani. Na tsaya da makullin nan a hannuna, na ce in riƙe ne ko in bayar? Ni yaro ne lokacin, ga gida cike da masu kuka. Na bayar. Tun ranar nake cewa da na dage, wataƙila da marayun nan sun samu abin riƙewa. Da na ga kun daina zuwa na ce to, sun gane ragon baffa gare su."

Injiniya ya dubi 'yar motar a kan bargo. Ya zo ne da tambaya ɗaya mai amsa biyu, ta Baba ce ko ba tasa ba ce, ga shi an ba shi ta uku. Kuma mutumin da ya zo bai wa haƙuri shi ke neman ba shi haƙuri, a kan wani laifi daban.

"Baffa, ba haka ba ne," ya ce a hankali. "Mu mun ɗauka sayar da ita ka yi."

"Na'am?"

"Mun ɗauka ka sayar."

"Ɗaga murya, ɗana, rediyon nan ta cika min kunne."

Ya kashe rediyon. Maganar da aka shekara arba'in da biyar ana raɗa ta a bayan ƙofa, yau dole ya faɗe ta da ƙarfi kamar mai talla. "Mun ɗauka sayar da motar ka yi ka cinye!"

Ta fita ta cika ɗakin, ta fita har falo. Ya ji ƙarar cokali ya faɗi a kicin.

Baffa bai yi dariya ba, bai kuma yi fushi ba. Ya daɗe yana kallon bango. "Sayarwa," ya ce, kamar yana ɗanɗana kalmar. "Ni?" Can ya girgiza kai. "Da na sayar ai da kun gan ni da sabon takalmi."

Sai Injiniya ya lura akwai mutum a bakin ƙofa. Yaya ce, tana haki saboda matattakala, jakarta a ƙirji. Bai san tun yaushe take tsaye ba. Ta shigo ta durƙusa, gwiwoyinta suna ƙara.

"Baffa, ina kwana."

Wannan kam ya ji ta sarai, don muryar Yaya ba ta buƙatar ɗagawa. "A'a! Babbar ce? Ke ce kika tsufa haka?"

Injiniya ya zuba mata ido yana jiran abin da za ta ce. Sai ta miƙe, ta dubi ɗakin sama da ƙasa.

"Wa ya rufe tagar nan? Mutum ya zauna ba iska, ina lafiya za ta zo? Wannan maganin kuma me yake yi a rana? Baffa, sau nawa kake shan wannan?"

Ta buɗe taga, ta kwashe kwalaben magani ta jera su bisa tsayi, ta karkaɗe matashi ta gyara masa a baya. Garin haka ta kusa zubar da kofin ruwa. Baffa ya bar ta tana yi, yana bin ta da ido, yana amsa tambayoyinta ɗaya bayan ɗaya kamar ɗalibi.

Sun kai azahar a gidan. Da suka tashi tafiya, Baffa ya ɗauki 'yar motar ya ɗora a kan rediyo, ya gyara mata tsayuwa. "Na gode da tsaraba," ya ce. Injiniya ya dubi Yaya, Yaya ta dubi taga. Ya ɗauki kwalin da babu komai a ciki ya sa a aljihu.

A hanyar komawa Injiniya ne ke tuƙi, har suka wuce shataletale biyu. Ya so ya tambaye ta ko yanzu ta yarda, sai ya ga shi kansa bai san da me zai ce ta yarda ba. Wayarsa ta yi ƙara a aljihu, Auta ne, ya bar ta har ta katse, don bai san ta inda zai fara ba shi labarin ba.

"Labulen ɗakin nan ya mutu," in ji Yaya, tana kallon titi. "Akwai wani a gidana da ba na amfani da shi. Asabar mai zuwa ka zo da tsani da abin huda bango."

"Zan zo."

"Kuma 'yar nan tasa ita kaɗai ke fama da shi. A gaya wa Auta ya ɗauki hutu ya zo ya duba ƙafar nan, na ga ta kumbura."

"To, Yaya."

Ta buɗe jaka ta ciro hankici, ta fyace hanci da ƙarfi, ta mayar. "Ka wuce kwanar gidana," ta ce.

Ya duba, ashe kuwa ya wuce. Ya sa sigina ya nemi wurin juyawa.